Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Sayen 'Yan Wasa da Gyaran Kano Pillars

Gabatarwa

Kowace shekara, da zarar an rufe kakar wasan ƙwallon ƙafa a Nijeriya, sai kasuwar 'yan wasa ta ci, sai kuma zancenta ya cika majalisun hira na birnin Kano, tun daga teburan masu shayi na Fagge da Gwammaja har zuwa ofisoshin hukuma da ke Nassarawa. Tambayar kullum guda ce, watau wa Pillars za ta sayo bana. In aka ji an ɗauko wani mai suna sai a yi ta murna, a ce ai gyara ya zo. In kuwa aka ji shiru, sai a ce shugabanni sun yi barci. Haka ake yi bara, haka aka yi bara waccan, amma kofin gasar ƙasa bai sake kwana a Kano ba tun shekarar 2014.

Wataƙila wani daga cikin malamaina ko 'yan'uwana ɗalibai ya ce me ya haɗa mujallar Sashen Hausa da tamaula. Amsa ita ce, wasanni reshe ne na al'ada, kuma a yau babu wasan da ke tara samarin Hausa wuri guda kamar ƙwallon ƙafa. Abin da dambe da kokawa suke ga kakanninmu bayan an kawar da amfanin gona, shi ne ƙwallo ya zama ga matasan birni. Bugu da ƙari, Kano Pillars mallakar gwamnatin Jihar Kano ce, watau da dukiyar jama'a ake tafiyar da ita. Saboda haka duk ɗan jiha yana da haƙƙin ya tofa albarkacin bakinsa.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, ƙungiyar da ta durƙushe ba ta miƙewa da sayen manyan sunaye kaɗai. Saye da musayar 'yan wasa suna da muhallinsu, amma su ne matakin ƙarshe na gini, kamar yaɓe da farar ƙasa. Wanda ya fara da su kafin ya gyara harsashi, to, ya yi gyaran gangar Auzinawa. Zan kafa hujja da tarihin Pillars kanta, sa'an nan in ɗan leƙa ƙasashen waje, kana in faɗi abin da nake ganin ya kamata a yi.

Yadda Aka Gina Gidan

Kafin Pillars, Kano ta san daɗin nasara da ƙungiyar Raccah Rovers, wadda ta ci gasar ƙasa a shekarar 1978, amma daga baya ta watse, sai labari. A shekarar 1990 ne aka haɗa ƙungiyoyi uku, watau WRECA da Kano Golden Stars da ta Bankin Arewa, aka tayar da Kano Pillars. Sai da ta shekara 18 tana fafutika kafin ta ci gasar ƙasa karo na farko a 2008, a hannun mai horarwa Kadiri Ikhana. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai gaggawa cewa ba a dare ɗaya ake gina ƙungiya ba.

A shekarar 2009 Pillars ta shiga gasar zakarun nahiyar Afirka, ta fitar da Al Ahly ta Masar, wadda a lokacin ita ke riƙe da kofin, ta kuma kai har wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta tsayar da ita. A kakar 2009/2010 wani yaro mai suna Ahmed Musa, wanda bai kai shekara ashirin ba, ya zura ƙwallo 18, ya fi kowa a gasar. Daga nan ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan. Sa'an nan aka shiga shekarun da Kanawa ba za su manta ba: Pillars ta ci gasar ƙasa sau uku a jere, a 2012 da 2013 a hannun Muhammad Babaganaru, da 2014 a hannun Okey Emordi. Daga 2003 zuwa 2015, shekara 12 ke nan, babu ƙungiyar da ta zo Kano ta ci Pillars a wasan gasar ƙasa, har sai da Nasarawa United ta karya wannan lago. Kirarin nan na "Sai Masu Gida" ba a banza ya zauna ba.

To, abin lura a nan shi ne, da wa aka yi wannan aiki? An yi shi ne da 'yan wasan da suka daɗe tare har kowa ya san numfashin ɗan'uwansa, irin su Rabi'u Ali da Gambo Muhammad da mai tsaron gida Theophilus Afelokhai, tare da samari masu tasowa irin su Shehu Abdullahi, wanda ya yi suna a Pillars kafin ya fita waje. Ahmed Musa da Shehu ba da sunansu suka zo ba, a Kano suka yi shi. An sayo 'yan wasa daga Kudu da sauran wurare, ba shakka, kuma sun yi aiki na a yaba. Amma an kawo su ne suka hau kan ginin da yake tsaye, suka tarar da jiga-jigan da za su nuna musu hanya.

Yadda Bango Ya Tsage

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Bayan kofin ƙalubale da Pillars ta ci a Kaduna a 2019, inda ta doke Niger Tornadoes da bugun daga kai sai mai tsaron gida, al'amura suka fara sukurkucewa. A 2020 annobar korona ta sa aka mai da filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata wurin killace marasa lafiya. Da aka dawo wasa, sai Masu Gida suka zama baƙi, suna karɓar abokan karawarsu a filin Ahmadu Bello na Kaduna. A watan Afrilu na 2022, jim kaɗan da komawarsu gida, aka yi hargitsi a wasansu da Katsina United, har aka farfasa motar baƙin. Hukumar gasa ta ci ƙungiyar tara, ta kuma mai da wasanninta Abuja. Wata biyu bayan haka aka hukunta ta kuma a kan dukan mataimakin alƙalin wasa a karawarta da Dakkada. Makin da aka zabtare mata a kan waɗannan abubuwa ya taimaka wajen jefa ta rami. A ƙarshen kakar 2021/2022 Pillars ta faɗa rukunin 'yan dagaji, tare da Katsina United da Heartland da MFM.

Mai karatu ya duba wannan jerin da kyau. A cikinsa wane abu ne sayen ɗan wasa zai magance? Rashin filin gida ba a sayen maganinsa a kasuwar 'yan wasa. Haka nan rashin tsaro a fili, da rashin ɗa'ar 'yan kallo, da rashin haƙurin shugabanni. Maki ukun da ɗan gaba ya sha wahalar minti casa'in kafin ya samo, mutum ɗaya mai zafin rai yana iya zubar da shi cikin minti ɗaya. Pillars ta dawo ajin ƙwararru a 2023, amma abin takaici, a watan Oktoba na 2025 aka sake irin wannan hargitsi a Ƙofar Mata bayan wasa da Shooting Stars ta Ibadan, aka sake zabtare maki uku, aka kuma tura ƙungiyar Katsina ta yi wasanninta na gida. Ciwon da ya kwantar da ita a 2022 ke nan ya sake motsawa, alhali a tsakanin nan an sayi 'yan wasa ba iyaka.

Akwai kuma wata ɓaraka da ba a cika kula da ita ba, ita ce yawan canjin masu horarwa. Daga 2019 zuwa 2025 ƙungiyar ta bi ta hannun Ibrahim Musa, da Bafaranshen nan Lionel Soccoia, da Salisu Yusuf, da Evans Ogenyi, da Abdu Maikaba, da Usman Abdallah. Kowanensu masanin aikinsa ne, amma kowa da irin salon wasan da yake so, kowa kuma da irin 'yan wasan da ya amince da su. In sabon mai horarwa ya zo, sai ya sallami na wanda ya gada ya kawo nasa. Kafin waɗannan su saba da juna, shi ma an sallame shi. Ta haka ƙungiya za ta yi ta saye kowace shekara, ba ta taɓa tara komai ba, kamar mai ɗibar ruwa da kwando. Tushen abin kuwa yana sama, domin hukumar gudanarwar ƙungiyar daga Gidan Gwamnati ake naɗa ta, kuma can ake rushe ta. Shugaban da bai san ko zai kai baɗi a kan kujerarsa ba, ba zai shuka abin da sai bayan shekara huɗu za a girbe ba. Abin da zai nema shi ne sunan da za a yi shelarsa a rediyo gobe da safe.

Abin da Suna Ke Iya Yi

Babu misalin da ya fi na Ahmed Musa dacewa a nan, domin babu ɗan wasan da ya taɓa dawowa Pillars da suna irin nasa. Ya yi wasa a CSKA Mosko da Leicester City da Al Nassr ta Saudiyya, ya kuma ci wa Nijeriya ƙwallo huɗu a gasar cin kofin duniya, biyu a 2014, biyu a 2018. A watan Afrilu na 2021 ya dawo Pillars, ya yi 'yan watanni, sa'an nan ya wuce Turkiyya. Dawowar ta ɗaga sunan gasar Nijeriya baki ɗaya, amma kakar da ta biyo baya ita ce wadda Pillars ta faɗi. Wannan ba laifinsa ba ne ko kaɗan. Abin da ya nuna shi ne, mutum ɗaya, kome girmansa, ba ya riƙe ginin da harsashinsa ke zaizayewa. Ya sake dawowa a watan Oktoba na 2024, ya ci ƙwallo biyu a wasansa na farko, suka yi kakar tare da Shehu Abdullahi, fili ya riƙa cika maƙil. Duk da haka kofin Ikenne ya tafi, ba Kano ba. A 2025 gwamnatin jiha ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar.

Sai kuma Rabi'u Ali, wanda 'yan kallo ke kira Pele. Ya ci kofunan 2012 da 2013 da 2014 da 2019, ya bi ƙungiyar zuwa rukuni na biyu ya dawo da ita, ya kuma ci gaba da zura ƙwallo bayan ya haura shekara arba'in. Wannan abin yabo ne gare shi, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Amma a wajen ƙungiya abin tambaya ne. In har bayan shekara goma da kofin 2014 idon 'yan kallo bai daina komawa kan mutum guda ba duk sa'ad da wasa ya yi tsanani, ina magajin da aka rena a ƙarƙashinsa? Birnin da ke da miliyoyin mutane, wanda kowace unguwa tasa ke da ƙungiyoyin samari, bai kamata ya rasa ɗan tsakiyar da zai gaje shi ba. Yaran suna nan. Neman su da renon su ne ba a yi yadda ya kamata ba.

Darasi Daga Ƙetare

Wannan matsala ba ta Kano kaɗai ba ce, ba ta ƙwallon ƙafa kaɗai ba ce kuma. A Amurka akwai wasan da suke kira besbol, wanda ake jefa ƙaramar ƙwallo a doke ta da kulki, kuma a can ne aka fi zurfafa nazarin yadda ake sake gina ƙungiya ta hanyar musaya da ɗaukar 'yan wasa. Kowace ƙungiya tana yin wasa 162 a kaka guda, saboda haka ƙididdiga tana da yawa, ƙarya ba ta daɗewa. A ƙarshen kakar 2001 ƙungiyar Oakland Athletics ta rasa manyan 'yan wasanta uku, Jason Giambi da Johnny Damon da Jason Isringhausen, domin ba ta da kuɗin riƙe su. Manajanta, Billy Beane, bai tafi neman wasu masu suna ba. Sai ya zauna da ƙididdiga ya tantance ainihin abin da ke kawo nasara a wasan, ya nemo 'yan wasan da ke da wannan abu amma kasuwa ta raina su, ya ɗauke su da araha. A 2002 ƙungiyar ta ci wasa 103, har da guda 20 a jere, daidai da yawan wasannin da New York Yankees ta ci, alhali albashin 'yan wasan Yankees ya ninka na Oakland wajen sau uku. Labarin ne Michael Lewis ya rubuta a littafinsa Moneyball a 2003.

Kishiyar wannan ita ce New York Mets ta shekarar 2023. Mai ita ya zuba kuɗin da babu ƙungiyar besbol da ta taɓa kashe irinsa kafin lokacin, ya haɗa shahararrun majefa biyu da shekaru suka fara cim musu, Max Scherzer da Justin Verlander. Kafin kaka ta ƙare an yi musayarsu duka biyun da yara masu tasowa, ƙungiyar kuma ta gama da nasara 75 da faɗuwa 87.

A ƙwallon ƙafa ma haka abin yake. Leicester City ta Ingila da ƙyar ta tsira daga faɗuwa a 2015, amma ta ci gasar Firimiya a 2016. Ginshiƙanta uku duk daga inda ba a zato aka samo su: Jamie Vardy daga Fleetwood a kan fam miliyan ɗaya a 2012, Riyad Mahrez daga Le Havre ta rukuni na biyu a Faransa a kan abin da bai kai rabin miliyan ba, da N'Golo Kante daga Caen a kan abin da bai kai miliyan shida ba, wanda bayan shekara guda aka sayar wa Chelsea a kan fiye da miliyan talatin. Idon masu farautar 'yan wasa ne ya yi wannan aiki, aljihu ya biyo baya.

Amma lalle ne a yi hattara wajen kwaikwayo. A besbol na Amurka ba a faɗuwa rukuni na biyu. Ƙungiya tana iya sayar da dukan manyanta, ta sha kashi shekara uku, kamar yadda Houston Astros ta faɗi a wasa fiye da ɗari kowace kaka daga 2011 zuwa 2013, ba wanda zai kore ta daga gasa, har ma a wancan lokaci akan ba ta damar fara zaɓen yara masu tasowa. A Nijeriya kuwa ƙungiyoyi huɗu na ƙasa ake kora duk shekara. Saboda haka Pillars ba ta da damar rushe gida gaba ɗaya ta kwana a waje. Dole ta yi gyara tana ciki, ɗaki bayan ɗaki.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Ikenne ta Jihar Ogun. Remo Stars, wadda ɗan kasuwa Kunle Soname ya mallaka, ta sha faɗuwa rukuni na biyu. Ta dawo a 2021, ta gina filinta, ta kafa makarantar renon yara mai suna Beyond Limits, ta kuma bar mai horarwa guda, Daniel Ogunmodede, ya yi shekaru yana aiki. Ta zo ta uku a 2022, ta biyu a 2023 da 2024, sa'an nan ta ci kofin a 2025. Ikenne ba ta kai ƙaramar hukuma guda ta cikin birnin Kano yawan jama'a ba. Abin da ta fi mu shi ne haƙuri da tsari.

Hujjar Masu Cewa a Sayo

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin suna da hujjoji masu ƙarfi. Na farko, sun ce ƙungiyar da ke bakin rami ba ta da lokacin jiran yaro ya girma, wuta ce ta kama, sai a kashe ta da ruwan da ke kusa. Wannan gaskiya ne. In ƙungiya ta kai tsakiyar kaka ba ta da mai cin ƙwallo, dole ta nemo shi ko da tsada. Amma wanda gobara ke tashi a gidansa kowace shekara, ya kamata ya bar zancen guga ya binciki murhunsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, sun ce babban suna yana cika fili, yana jawo 'yan kasuwa masu talla, yana kuma koya wa yara. Wannan ma gaskiya ne, kuma an gan shi a 2024. Sai dai amfanin yana tabbata ne in akwai tsarin da zai kama shi. In fili ya cika amma kuɗin ƙofa bai shiga asusu bisa ƙa'ida ba, ko kuwa cikar ta zama hargitsin da zai sa a rufe filin, to, an yi ba a yi ba. In kuma babu yaran da aka ajiye kusa da gwanin don su koya, ranar da ya tafi ya tafi da iliminsa.

Na uku, sun ce Kanawa ba su da haƙuri, ba za su yarda da shekara uku babu kofi ba. Amsa ita ce, ai sun riga sun yi fiye da shekara goma ba su ga kofin gasar ƙasa ba, kuma ba su daina zuwa fili ba. Abin da ke tunzura mai kallo shi ne ya ga ana ta kashe kuɗi, ana ta alkawari, ba a san inda aka dosa ba. In aka fito aka gaya masa gaskiya, aka nuna masa yaran unguwarsu a cikin fili, zai jira.

Abin da Ya Kamata a Yi

Da farko, a ba hukumar gudanarwa da mai horarwa wa'adi tabbatacce, shekara uku ko huɗu, a rubuce, tare da abin da ake so su cim ma kowace shekara. Gwamnati ta ba da kasafi a kan lokaci, ta bincika yadda aka kashe shi, amma ta cire hannunta daga zaɓen wanda zai sa riga mai lamba tara. Ɗan wasan da ya shigo da takardar wani babba, ya tare wurin wanda ya fi shi ne, kuma sauran 'yan wasa sun sani.

Na biyu, a riƙe ginshiƙai. A gasar Nijeriya an saba da yarjejeniyar shekara guda, wadda ke sa ɗan wasa ya yi fice yau, gobe ya tafi kyauta. Kamata ya yi a ware mutum bakwai ko takwas, daga mai tsaron gida zuwa ɗan gaba, a ɗaure su da yarjejeniyar shekara uku, a kuma biya su haƙƙinsu a kan kari. Ɗan wasan da ke bin bashin albashi, jikinsa ne kawai a fili. Biyan wanda ke hannu ya fi sayen wanda ke nesa araha, ya kuma fi shi amfani.

Na uku, a yi saye da awo. Kafin a shiga kasuwa, mai horarwa ya zauna da ƙididdigar kakar da ta wuce: ƙwallo nawa aka ci, nawa aka sha, a wane minti, ta wane gefe, maki nawa aka samo a waje. Daga nan za a san gurbin da ke buƙatar cikewa. In gurbi uku ne, a sayo mutum uku, kada a kwaso goma sha biyar. A kuma duba shekarun mutum da lafiyarsa da halinsa kafin a duba sunansa.

Na huɗu, kuma shi ne mafi muhimmanci, a koma gona. Kano ce ke karɓar gasar matasa ta kofin Ramat, kuma kowace yamma filayen makarantu da na unguwanni cike suke da yara. A ɗauki tsofaffin 'yan wasan Pillars aikin zagaya waɗannan filaye, har da na Wudil da Bichi da Rano da Gaya, a tara yaran da suka yi fice a ƙaramar ƙungiya, a haɗa musu wasa da karatu. A nan akwai riba ta kuɗi ma. Dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta tanadi cewa duk sa'ad da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin na ƙungiyoyin da suka rene shi ne tsakanin shekara 12 zuwa 23. Amma sai wanda ya yi wa yaro rajista ya kuma adana takardu ne zai ci wannan gajiya.

Na biyar, a iya sayarwa. Junior Lokosa ya ci ƙwallo 19 a 2018, ya fi kowa a gasar, ya wuce Esperance ta Tunisiya a 2019. Irin wannan tafiya ba asara ba ce in an yi ciniki da kyau, an sa sharaɗin samun kaso in aka sake sayar da shi gaba, an kuma mai da kuɗin cikin renon wasu. Abin kunya ne a ce birnin Kurmi da Kantin Kwari da Dawanau, inda yaro ke tashi da sanin uwar kuɗi da riba, ƙungiyarsa ce ke saye da tsada ta saki kyauta.

Na shida, a tsare fili. A horar da masu kula da ƙofa, a raba 'yan kallo da 'yan wasa da shinge na ƙwarai, a hukunta mai laifi shi kaɗai da sunansa, shugabannin magoya baya kuma su ja kunnen mabiyansu. Duk wasan gida da aka yi a Kaduna ko Abuja ko Katsina, kyauta ce aka miƙa wa abokin hamayya.

Kammalawa

Manomin da ya cinye irinsa, dole ya shiga kasuwa da damina ya sayi hatsi da tsada, baɗi ma haka, har ranar da zai koma ya ware iri. Pillars ta yi zamaninta mafi kyau ne sa'ad da take da 'yan wasan da suka daɗe tare, da filin da baƙo ke tsoro, da yaran da ke tasowa a bayan manya. Ta faɗi ne sa'ad da waɗannan suka raunana, kuma babu sunan da aka sayo da ya hana faɗuwar. Saboda haka ina kira ga waɗanda ke yanke shawara a Nassarawa, da waɗanda ke cika fili a Ƙofar Mata, su canza tambayar da suke yi in kaka ta ƙare. Kafin a tambayi wa aka sayo, a tambayi wa aka riƙe, wa aka rena, an biya kowa haƙƙinsa, kuma mai horarwar bara shi ne na bana? In amsoshin nan suka yi daɗi shekara uku a jere, sayen mutum biyu ko uku zai isa, kuma waɗanda ake bi ana roƙo yau su ne za su zo suna neman a ɗauke su. Allah Ya ba shugabanninmu haƙurin shuka, Ya kuma nuna mana ranar da kofi zai sake kwana a Kano, amin.